Irin da Delu Ta Bari a Cikin Teku

Shekara tara ke nan da muka ɗauki ƙanwata, Hajiya Delu, daga gidanta na unguwar New Bell a Duwala muka kai ta makwancinta. Duk shekara idan watan ya zagayo mukan toya waina mu raba a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Ni mahauci ne, a bakin tukuba na tsufa, bokona bai yi nisa ba. Bana na ɗauki biro ne saboda an zo a tsige abin da ta shuka, ni kuwa na ce ba da ni ba. An kuma fara yaɗawa a unguwa wai tsoho ya tare wa matasa hanyar arziki. To, ga nawa bakin, kowa ya ji.

Wanda bai san Delu ba, mai sayar da kayan miya ce a kasuwa: kuka, kalkashi, busasshiyar kuɓewa, daddawa, duk abin da ake saukewa daga Arewa a buhu. A Duwala aka haife mu, amma cikinmu bai taɓa barin Garwa ba, kuma da wannan ta ci abinci har ta biya kujerar Makka. A can ne, a Mina, tantinsu ya haɗu da na wasu mata daga tsibiran gabashin Afirka, masu jin Suwahili. Ta ga hannuwansu duk sawun yanka, kamar na masu jan guga. Ba yaren da ya haɗa su, sai nuni. Ɗaya daga cikinsu ta kwance ƙullin wata busasshiyar ciyawa mai kama da taliya, ta ciro zaren carbinta da ya tsinke, ta nuna mata yadda ake ɗaura ɗan reshe a jikin igiya, a miƙe igiyar a cikin ruwan gishiri, a dawo a tarar ya yi gashi. Sauran alhazai sun dawo da dabino da zamzam. Delu ta dawo da wannan magana.

"Yaya," in ji ta, ko hutawa ba ta yi ba, "akwai matan da ke noma a cikin teku. Ba taki, ba ban-ruwa, ba garma."

Na ce, "Delu, rana ce ta buge ki a Arfa?"

Ta ce, "Kai dai ka ara mini igiyar da kake ɗaure shanu."

Na ara mata. Gwajinta na farko a Yupwe ta yi shi, a bakin kogin Wuri, inda ake sauke kifi. Ruwan wajen rabi kogi ne rabi teku, ga taɓo, ga man injin jirage. Abin da ta ɗaura ya narke ya bar igiya tsirara. Unguwa ta samu abin hira. Aka sa mata suna Hajiya Mai Gonar Ruwa. Wani tela maƙwabcinta, duk lokacin da ta wuce, sai ya leƙo ya ce, "Hajiya, in an yi girbi kar a manta da mu a zakka." Ita kuma ta ce masa, "Ka tanadi buhu, amma ba irin ɗinkinka ba, kar ya zube a hanya." Ni ma na yi dariyar tare da su, a teburina, da wuƙa a hannu.

Ba ta bari ba. Tana da wata abokiyar ciniki, Mama Sesil, 'yar wani ƙauyen masunta a gaba da Kiribi, wadda ke kawo mata busasshen jatan lande. Ita ce ta gaya mata cewa a kan duwatsun ƙauyensu akwai wata jar ciyawa da ba mai kula ta, kuma ruwan can garau yake, gishirinsa cikakke. Suka je gaban sarkin ƙauyen da goro da buhun gishiri, ya nuna musu wani lungu da igiyar ruwa ba ta dukansa sosai, ya ce na Hajiya ne muddin ba ta tare wa kwale-kwale hanya ba. Tun daga nan Delu ta zama 'yar hanya. Ta hau bensikin, wato babur ɗin haya, zuwa tashar Village, ta shiga mota, ta ƙetare Edeya, ta sauka da zane a ɗaure a ƙugu. Matar da ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce na baho ba, ta koyi tsayawa a teku har gwiwa.

Aikin ba wuya gare shi a baki ba. A kafa turaku a cikin yashi, a ja igiya daga wannan zuwa wancan, a tsinko ƙananan rassa a ɗaure su jere da juna. Ba a shiga sai ruwa ya janye, kuma ruwa ba ya tambayar ko kin gama abinci. Bayan wata ɗaya da ɗoriya a yanke, a shanya, a sake ɗaura wani. A hannu ne wuyar take, da baya, da ido saboda ƙyallin rana a kan ruwa.

Kurakuran da muka tafka kuwa, duk daga abin da muka iya suka fito. Girbin farko mai kyau ya faɗo a tsakiyar ruwan sama, ba ranar shanya. Aka kawo kayan New Bell a jiƙe. Ni da na san nama na ce wannan ai ba matsala ba ce, abin da rana ta ƙi busarwa hayaƙi zai busar. Muka baza ciyawar a kan raga, na hura mata itace kamar yadda ake bandar kifi. Ta bushe ƙayau, ta yi baƙi, tana ƙanshin balangu. Matan unguwar Ndogbong masu haɗa sabulu, waɗanda Delu ta sha wahala kafin su yarda su gwada, suka sansana suka mayar da ita. Ɗaya ta ce, "Alaji, wa zai yi wanka ya fito yana warin suya? Karnukan unguwa su bi shi?" Delu ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai daina neman shawarata a kan shanya, ta sa aka yi mata rumfar leda mai tsayi da gadon gora a ciki.

Kuskure na biyu ya fi tsada, kuma dukkanmu muka yi shi, har da ita. Mu jikokin manoma ne. Abin da muka sani shi ne in an yi girbi a ware mafi kyau, a busar, a zuba toka, a rufe a tulu, sai shekara ta zagayo. Haka muka yi. Da damina ta matso muka kwashe igiyoyin kaf, muka zaɓi rassa masu ƙiba muka adana. Da ruwa ya ɗauke aka buɗe tulu aka ɗaura, aka zauna jira. Ko motsi. Ciyawar teku ba ta da ƙwayar da ake ajiyewa. Irinta reshe ne mai rai, kuma ba ya rayuwa sai a cikin ruwan. Ranar da aka fitar da na ƙarshe aka shanya, ranar gonar ta mutu. Sai da suka koma kan duwatsu suka fara daga farko.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, don a kansa rigimar bana take. Daga wannan shekarar Delu ba ta sake barin ruwa ba iri ba. Damina a gaɓar nan mugun lokaci ce ga ciyawar: ruwan sama da na koguna su tsinka gishirin, rassan su yi fari fat kamar an tafasa su, su ruɓe su zube. Amma a kowace igiya akan samu 'yan ƙalilan da suka ƙi mutuwa. Su kaɗai take tsinka ta sake ɗaurawa. Wata daminar ta sake tacewa, ta sake ɗaukar waɗanda suka tsira. Haka ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare. Abin da ya rage a lungun nan yanzu ba ciyawar kan dutse ba ce kuma. Gajeriya ce, ba ta saurin girma, amma ta san daminarmu. Matan ƙauyen da kansu suke ce mata irin Hajiya. Kuma ba ta taɓa sayar da reshe ba. Duk wadda ta zo da igiyarta sai ta tsinka mata, da sharaɗi ɗaya: in na maƙwabciyarki ya mutu naki ya rayu, ki ba ta.

Kada wani ya ɗauka arziki aka yi. Ba a yi ba. Injin kwale-kwale ya sha yanke igiyoyi cikin gaggawar masunta. Kifi yana kiwo a gonar kamar awaki. Leda da robar ruwa da teku ke kwasowa suna naɗe rassa su shaƙe su. Mai saye shi ke faɗin abin da zai bayar, domin ya san ba ka da wani wajen kaiwa. Wata shekara aka gina masaukin baƙi a kusa, suka ce turaku suna ɓata wa masu hutu hoto, sai da sarki ya sa baki. Da masu sabulu, da masu kiwon kaji da ke haɗa ta a dusa, da 'yan lambu masu zuba ta a gindin tumatir aka lallaɓa. Abin ya ciyar da gidaje, ya sa yara a makaranta, bai wuce nan ba. Bayan rasuwarta Mama Sesil da matan da suka koya suka riƙe ɗaurin, Bashari, ɗan Delu, kuma yana aika musu da igiya duk lokacin da ta tsufa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, wannan shaidar tasa ce.

Yau ga shi duniya ta waiwayo. A rediyo ana maganar ciyawar teku, wai ana yin magani da ita, da abincin dabbobi, da abin da ke sa madara ta yi kauri, har da leda mai narkewa. Samari masu takalmi mai ƙyalli suna yawo da ita a baki, sun sa mata suna proje, wato babban shirin neman kuɗi. Telan nan da ke neman zakka, ɗansa ne ya tare ni kwanan baya yana tambaya ko akwai sauran wuri a lungun. Nakan tambayi kaina me Delu za ta ce in ta ga wannan. Na san ba za ta yi baƙin ciki ba. Ba ta da kishin sana'a, da ta ga mutum da igiya murna take yi. Ina jin za ta yi guɗa, ta ce a kira telan ya zo ya gani. Bayan guɗar kuma za ta zauna ta yi tambayar da takan yi wa duk mai zuwa da sabon tsari: iri a hannun wa zai zauna?

Wani kamfani ne ya zo, ba zan kama suna ba. Suna son lungun gaba ɗaya. Za su kawo nasu irin daga waje, mai kauri kamar yatsa, mai girma da sauri. Za su kawo igiya da rumfunan shanya, su ɗauki matan aiki, su sayi duk abin da aka girbe. Sharaɗinsu shi ne a share ruwan tas kafin su ɗaura nasu, domin masu saye a ƙetare ba sa son gauraye, kuma suna tsoron tsohuwar ciyawar ta shafa wa sabuwar cuta. Sarki ya ce wurin da sunan Hajiya aka bayar, sai magajinta ya yarda. Bashari ya kira ni gidansa a unguwar Cité des Palmiers, aka kawo shayi, ya faɗa mini ya yarda.

Na ce, "Ka ce su bar mana gefe guda. Ko igiya kaɗan."

Ya ce, "Kawu, na roƙa, sun ƙi. C'est tout ou rien, ko duka ko babu. Shekara nawa ina zuba igiya a ruwan nan? Matan nan fa sun gaji da talauci. Kai kana New Bell kana tuna Inna, su suna cikin ruwa."

Na ce, "In nasu ya mutu a damina fa?"

"Sai su kawo wani."

"In sun ga ba riba sun naɗe kayansu fa? Wa zai kawo?"

Ya ce, "Kawu, da girmanka, amma wurin nan gadona ne."

Gaskiya ya faɗa. Inda akwai ɗa namiji, ɗan'uwa ba ya gado. Ko allura ban ci ba a kayan Delu, kuma ban nema ba. Abin da ya faɗa a kan matan ma gaskiya ne, ya kuma soke ni, domin ban taɓa kwana da ciwon bayan da suke kwana da shi ba. Ban ce irin kamfani zai mutu ba. Ban sani ba, ban taɓa ganinsa a damina ba. Wataƙila ya yi kyau, matan su samu abin da ba su taɓa samu ba, ina kuma roƙa musu hakan. Abin da na sani ɗaya ne: nasu in ya mutu akwai inda za a sake ɗaukowa, muddin mai shi ya ga dama. Na Delu in aka fitar da shi aka shanya, babu shi a ko'ina a duniya. Kuma matar da ba ta da reshe nata na kanta, kullum sai ta tsaya a ƙofar wani kafin ta shiga ruwa.

Na je wajen limaminmu na shimfiɗa masa zancen yadda yake, ban rage wa Bashari komai ba. Ya tambaya ko akwai waɗanda suka ji ta da kunnensu tana cewa reshen na duk mai ɗaurawa ne. Na ce rabin ƙauye, da ni kaina. Ya ce to wuri da turaku da igiya na magaji ne, ba mai taɓa masa. Amma abin da ta bayar tun tana da rai ya riga ya fita daga hannunta, ba ya komawa cikin gado. Ya ƙara da cewa in bi a hankali, zumunci ya fi ciyawa. Na ce na ji, Malam, zan bi a hankali, amma zan bi.

Na sayi sabuwar igiya a kasuwa da abin da ke aljihuna, na shiga motar Kiribi. Mama Sesil ta tsufa, ido ɗaya ya tafi, amma da ta gan ni da ɗauri a ka sai ta fashe da dariya, ta ce da Turancinta na Broka, "Alaji mai hayaƙi, yau kuma me za ka gasa mana?" Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta tara matan. Ban ɓoye musu komai ba, na ce wadda ke son aikin kamfani ta yi, ba laifi ba ne, ni ma da ina da ƙuruciya da 'ya'ya a gabana wataƙila da na yi. Yawancinsu sun ce za su yi. Amma ba wadda ta yarda a shanya irin Hajiya. Wata mai dangi a ƙauyen gaba ta ce akwai wani lungu a wajensu, ta riga ta yi wa sarkinsu magana tun da aka fara jin ƙishin-ƙishin.

Da ruwa ya janye muka shiga. Ba mu yanke igiya ko ɗaya ba, ba mu tuge turke ba. Ƙulli-ƙulli muka bi muna kwancewa, muna zuba rassan a kwandunan da aka jiƙa da ruwan teku, aka lulluɓe da buhu don rana. Yatsuna sun saba da wuƙa, ba su saba da wannan ba, matan suna ta yi mini tsiya wai na fi kifi ɓarna. Kwale-kwale ya kai mu ƙauyen gaba kafin ruwa ya dawo, muka ɗaura a sabuwar igiya. Tsofaffin igiyoyin kuwa na wanke su, na shanya, na naɗe, na sa a buhu.

Ranar sadakar shekarar, bayan an shafa addu'a mutane sun ragu, na jawo buhun na ajiye a gaban Bashari.

Na ce, "Ga gadonka, ba abin da ya ɓata. Ruwan ma an share, ka gaya wa mutanenka su zo su ɗaura."

Ya buɗe ya duba, ya ɗago ya ce, "Ciyawar fa?"

Na ce, "Tana wajen masu ita."

Ya daɗe yana kallona. Ban san ko fushi ba ne ko wani abu, fuskarsa irin ta uwarsa ce, ba ta saurin faɗin abin da ke ciki. Ya ɗauki buhun ya sa a bayan mota ya tafi, bai yi mini sallama ba. Har yau bai kira ba. Wannan yana damuna fiye da yadda nake nunawa, domin a hannuna aka yi masa aski ranar suna. Ƙofata a buɗe take, kuma in ya ƙi zuwa ni zan je. Amma ba zan ba da haƙuri a kan abin da ban ɗauka ba.

Masu cewa na tare hanya, su je su duba: hanya a buɗe take, kamfani ya samu lungunsa fes. Abin da na hana shi ne a kashe abu mai rai don a samu wurin ajiye wani. Sabon wurin ba shi da daɗin na farko. Igiyar ruwa ta fi ƙarfi a can, an riga an rasa wasu rassan, kuma damina na tafe. Ba ni da tabbacin zai kai baɗi. Ni kaina ba ni da tabbacin zan kai.

Delu ba ta bar gidan bene ba, ba ta bar suna a jikin wani allo ba. Teburinta na kasuwa wata ce ke kai yanzu, mai sayar da kayan waya. Abin da ta bari gajeriyar jar ciyawa ce da ba ta yarda ta mutu a damina, da mata a ƙauyuka biyu waɗanda ba yarensu ɗaya da ita ba, ba addininsu ɗaya ba, amma in ta wata ta mutu sai su tsinka mata tasu ba tare da an roƙa ba. Jiya Mama Sesil ta sa aka kira ni a waya. Ta ce wata mata daga ƙauye na uku ta zo da igiyarta, tana tambaya ko sai an nemi izinina.

Na ce ba ni da izinin da zan bayar. A tsinka mata.

Allah Ya haskaka kabarinki, Delu, Ya sanyaya zuciyar ɗanki, Ya raya abin da kika ɗaura.